An yanke wa ƙanina hukuncin kora daga Amurka a bayan idonsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya jami'an shige da fice suka kama ƙanina a New York, suka ce tun bara alƙali ya yanke a mayar da shi gida don bai halarci zaman kotu ba. Wallahi sammacin bai taɓa isa hannunsa ba. Tsohon gidansa aka aika, alhali ya sanar da kotu ya tashi.

Na ji wanda sammaci bai iske ba yana iya neman a sake buɗe shari'ar ko bayan wa'adin kwana 180 daga ranar yanke hukuncin ya wuce, kuma shigar da buƙatar kan dakatar da korar. Amma gwamnati ba ta ɗaukar wa mutum lauya, mu kuma ba hali. Wace shaida kotu ke karɓa? Ta ina za mu fara? Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi.