In sayi allon hawan igiyar ruwa a Jidda, ko in tara kuɗin tafiya?

Ɗan Karantina: Salam jama'a. Ina da riyal 3,000. Na iya zamiya a kan dusar ƙanƙara, amma sanyin Jabalul Lauz, dutsen nan na yankin Tabuk, ba kullum yake kawo dusa ba. Finafinan masu hawan igiyar teku sun shiga raina. In sayi allo a nan, ko in tara in je inda ake koyarwa? Nauyina kilo 80.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ba mamaki ka kamu, wasannin biyu 'yan gida ɗaya ne. Allon dusa na farko da ya yi kasuwa, Snurfer, wanda Sherman Poppen ya haɗa a Amurka a 1965, daga hawan igiya ya samo sunansa. Sai dai a dusa ƙafarka ɗaure take, tudu kuma yana jiranka. A teku sai ka kwanta rub da ciki ka yi ta tuƙi da hannu, ka miƙe a tashi ɗaya, ka juya allo da ƙafar baya. Kafaɗa ce ke fara gajiya. Nemi allon soso mai tsawon ƙafa 8, da igiyar ɗaure ƙafa daidai tsawonsa. Kada ka fara da gajeren nan na cikin fim.

Abu Sumayya: Ku bar maganar allo. Bahar Maliya siririya ce, igiyarta ta iska ce, gajeriya, kuma a kan murjani take fashewa nesa da gaɓa. Lemar iska mai jan mutum a kan allo bisa ruwa ce wasan Jidda.

Hajiyar Misfala: Ɗan yayata ya yi odar allo mai tauri daga waje, riyal 2,400. Ya iso da tsaga a hanci, dillali ya ce laifin masu dako ne, masu dako suka ce naɗin ne bai yi ba. Ya liƙe da gam na gida, gam ya cinye soson ciki, ruwa ya shiga, allo ya yi nauyi. Fitarsa ta farko murjani ya yanke masa tafin ƙafa, ɗinki shida, ciwon ya yi ruwa don ba a wanke ɓarɓashin da wuri ba. Wata biyu ba aiki. Har yau allon na jingine a bayan firji.

Baban Walid: Allah Ya ƙara sauƙi, Hajiya. Rashin takalmin roba ne, kuma irin wannan soson na ciki gam ɗin epoxy kaɗai yake karɓa. Allon soso sabo bai wuce riyal 1,300 ba.

Abu Sumayya: Ina? 1,900 ne, ban da dako.

Na Kano: Yaro, ga yashin zamiya kyauta a Sumama ta Riyad, ba kifi ba murjani, sai dai ka koma gida da mudu guda a kunne.

Ɗan Karantina: To tafiyar fa, ina ya fi?

Baban Walid: Tagazut kusa da Agadir a Maroko, daga Oktoba zuwa Maris, akwai gaɓar yashi ta 'yan koyo. Ko Tarkwa Bay in ka je gida ta Legas. Fim ɗin hawan igiya The Endless Summer na 1966 ma an ɗauki wani ɓangarensa a Najeriya da Gana da Sanagal.

Abu Sumayya: Malam, kai a Madina kake, ina ka ga teku? A bar na bakin ruwa su yi magana.

Baban Walid: Yanbu ba ta yi mana nisa ba, ɗan'uwa.

Hajiyar Misfala: Wane bakin ruwa ma? Wuraren Ubhur, gaɓar arewacin Jidda, masu kyau duk an kewaye, sai ka biya kuɗin shiga kai da yara, ranar Juma'a kuma a ƙara. Ɗan yayan nawa abin da ya kai shi kan murjani ke nan, neman inda ba ƙofa.

Na Kano: Wasu ma ko ka biya sai su ce na iyali ne kawai. Gwauro ya je ina?