Atisayen soja a yankin Aktik: shawarwarin rage ɓarna

A wata tattaunawa kan rage ɓarnar da atisayen soja ke yi wa muhalli a Aktik, yankin sanyi na can arewacin duniya, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a duba lokacin yin atisayen. A arewacin Norway, Sweden da Finland, ko a Alaska, tankar yaƙi kan bi ta kan ƙasar da ta daskare, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta, ba ta bar tabo sosai ba. Amma idan ƙanƙara ta narke, sawun taya ɗaya kan yi shekaru bai baje ba, domin gansakukar da ke rufe ƙasar 'yan milimita kaɗan take tsawo a shekara. Atisayen ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO mai suna Nordic Response na 2024, mai sojoji kimanin 20,000, a watan Maris aka yi shi.

Sai batun makiyayan Sami, 'yan asalin arewacin Norway, Sweden da Finland masu kiwon wata irin barewa (reindeer). Barewarsu a watan Mayu take haihuwa, kuma ƙarar helikwafta na iya raba uwa da ɗanta. An ce a zauna da su kafin a zana taswirar hanya. A ganina, a nan ne aka fi yin sakaci.

Kan harsasai, an kawo misalin fadamar Eagle River Flats a Alaska, inda farin fosfaras, wani sinadari mai guba da ke cikin wasu harsasai, ya kashe agwagwa da dama. Shawarar ita ce kada a yi harbi cikin dausayi, a kwashe kwanson harsashi, a kuma guji kumfar kashe gobara mai sinadarin PFAS, wanda ke daɗewa cikin ƙasa da ruwa bai ruɓe ba.

An taɓo gyara bayan kammalawa a taƙaice: Norway ta share filin harbi na Hjerkinn daga 2006 zuwa 2020, ta maido shi daji.