Kullum sai a ce taifot ne, ina neman shawara kan maigidana

Uwar Biyu, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin asibiti ku agaza min. Tun damina maigidana yake fama da kasala da ciwon kai, wani lokaci jikinsa ya yi ɗumi da yamma. Duk sanda ya je wani ɗakin gwaji a nan kusa da mu sai a ce taifot, a haɗa shi da cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurai. Ya ɗan ji dama, bayan 'yan makonni abu ya dawo. A takardar ƙarshe an rubuta Widal, O 1:160, H 1:80. Yanzu ga gudawa ta sa shi gaba. Taifot ɗin ne ya daina jin magani, ko kuwa?

Dattijon Gangare:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba shi lafiya. Ki dafa masa ganyen gwanda da na mangwaro da lemun tsami, ya sha ya yi surace. Da shi muka tashi.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Rikkos:
Baba, a gafarce ni, kafin a kai ga magani sai an san cutar tukuna. Hajiya, aikina ke nan, kuma gaskiyar magana wannan takarda ita kaɗai ba ta isa a ce mutum yana da taifot ba.

Taifot wata bakteriya ce ke kawo shi, Salmonella Typhi, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Idan ta shiga jiki, garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, waɗanda ke gane ta su maƙale mata. To gwajin Widal, wanda wani likitan Faransa ya fito da shi tun 1896, ba ƙwayar cutar yake nema ba, antibodin yake aunawa. Sawun ɓarawo yake nuna miki. Ko ɓarawon yana cikin gida, ko tun bara ya tafi, ba zai gaya miki ba. Wanda ya taɓa yin taifot, ko aka yi masa rigakafinsa, ko ya haɗu da dangin wannan bakteriya, antibodin kan daɗe a jininsa. Ko maleriya tana iya ɗaga sakamakon. A gari irin Jos da muke shan rijiya da ruwan 'yan garuwa, sai ki ɗebi jinin mai lafiya garau ki ga wani abu.

Lambar 1:160 kuwa, ma'anarta an yi ta sirka ruwan jininsa har ya zama kashi 1 cikin 160 kuma har yanzu ana ganin antibodin na dunƙule bakteriyar gwajin. O na jikin bakteriyar ne, H na siririn gashin da take iyo da shi. A ƙa'ida jini biyu ake ɗauka, tsakaninsu kwana 10 zuwa 14, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu. Wa ke yin haka a unguwa?

Abin da ke tabbatarwa shi ne kalca: a zuba jini cikin kwalba mai abincin bakteriya, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum, digiri 37, a jira kwanaki. In ta tsiro an kama ta hannu dumu-dumu, har a gwada wane magani ne ke kashe ta. Manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, a Lamingo suna da sashen wannan aiki.

Malamar jinya, Nasarawa Gwong:
Na goyi bayansa. 'Yar uwa, sayi abin auna zafin jiki, ba shi da tsada, ki riƙa rubutawa safe da yamma. "Jikina ya yi ɗumi" daban, digiri 38 daban. Taifot na gaske zazzaɓi ne mai hauhawa kullum, yana kwantar da mutum, ba ya barinsa ya hau babur ya tafi Terminus kasuwa. Kasala da ciwon kai na watanni kuwa, a duba hawan jini da suga da ƙarancin jini. In akwai tari ko rama ko gumin dare, a duba tarin fuka. Amma in zazzaɓi ya yi tsanani, ciki ya ɗaure da ciwo, ko kika ga jini a bayan gida, a daren za ku tafi asibiti, don taifot yana huda hanji.

Ɗalibar haɗa magunguna, Farin Gada:
Anti, ita gudawar mai yiwuwa maganin ne da kansa. Hanjinmu cike yake da bakteriya masu amfani, cipro kuma ba ya tambayar wace ce tamu. Aikinsa toshe sinadarin da bakteriya ke warware zaren gadonta, wato DNA, da shi don ta hayayyafa. Shi ya sa ba ya taɓa bairos ɗin mura. Duk shan da aka yi a banza, bakteriya masu taurin kai ne ke tsira su yaɗu. A Pakistan daga 2016 aka sami taifot ɗin da ya bijire wa cipro da allurar ceftriaxone gaba ɗaya.

Mai kemis, Bauchi Road:
Duk gaskiya kuka faɗa, amma ku tambayi masu saye. Mutum zai zo da takarda a hannu, ka ce ya je ya ga likita, ya ce kai ne ba ka san aiki ba, ya tsallaka shagon gaba.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. To yanzu saura kwana biyu ya gama cipron da yake sha. Ya dakata ne kafin mu je?

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wannan hukuncin na likita ne, Hajiya, ku je gobe da safe. Ki tafi da kwalayen duk abin da ya sha da tsofaffin takardun, ki faɗi ranar da ya fara, domin maganin da ke cikin jini kan hana bakteriya tsirowa a kwalba, kuma da wannan likitan zai san ranar da za a ɗebi jinin. Kafin nan ki haɗa masa ruwan gishiri da suga saboda gudawar.