Firaima da aikin samfefa: me za mu kira su da Hausa?

Salamu alaikum. Masu fentin mota na Gusau da Ƙaura Namoda, da duk mai son ya yi wa motarsa fenti a garejin gida, ku matso mu tsayar da kalma kan abubuwa biyu da ake yi kafin a fesa launi: aikin samfefa, da fentin nan mai ruwan toka da muke ce wa firaima.

Ita samfefa a bar ta, ta daɗe da zama a bakin kafinta da fenta. Aikin da ake yi da ita ne ba shi da tsayayyen suna. Kowa "gogewa" yake cewa, kuma kalmar tana ɓatar da masu koyo. Ka ce wa yaro ya goge ƙofar mota, zai yi ta yi har ta yi santsi tana ƙyalli, alhali fenti ba ya kama santsi. Ƙananan karcen da samfefa ta bari su yake riƙewa.

Ni a ganina aikin ma uku ne. Da samfefa mai lamba 80, mai kaushi, ake cire tsohon fenti da tsatsa, a saita fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi: wannan kankara ce. Da 180 zuwa 320 ake kashe sawun da 80 ta bari: wannan dirza. Da 400 zuwa 600 kuma, a kan firaima, sau da yawa ana yi ana zuba ruwa har tafin hannu ya daina jin gargada: lailaya. Wanda ya riƙe sunayen nan uku ba zai yi tsalle daga 80 zuwa 400 ba, abin da ke sa bayan fenti ya bushe ka tsaya a rana ka ga layi-layi a ƙarƙashinsa. Kuma kada ruwa ya taɓa fila, tsotse shi take yi, daga baya fenti ya kumbura.

Firaima ce ta fi jawo gardama.

Wani ya ce "fentin fari", wato na farko. Mai mota zai ji farin fenti ne, ya ce shi baƙi ya biya. Wani dattijo daga Talata Mafara ya kawo "harsashi", irin na gini. Baba, Allah ya ƙara girma, ma'anar ta zauna daram, amma a halin da Zamfara ke ciki ba na son a ji yaro a waya yana cewa Oga ya aike shi sayen harsashi. "Tushe" kuma zai yi karo da fentin launi da masu sana'a ke kira bes, wanda ma'anarsa a Turanci tushe ce.

Shimfiɗa na zaɓa. Ana yin ta kafin abin da zai kwanta a kai, tana rufe gargadar ƙasa, ba kuma don a gan ta ake yi ba. Ga daɗin faɗa: "An yi mata shimfiɗa?" "A'a, ana kan dirza."

Ta ma raba mana iri biyu da ake cakuɗawa. Shimfiɗar ƙarfe ita ce ta ifoksi, wadda ake fesa wa tsiraran ƙarfe don ta hana laima isa gare shi. Shimfiɗar ciko ita ce mai kauri, wadda ake haɗawa da hadina, wato ruwan da ke sa fenti ya yi tauri, ta cike karce, sannan a lailaye ta. Da yawa suna fesa ta ciko kawai, su bar mota a waje damina ta wuce a kanta suna jiran kuɗin launi, tsatsa tana ci ta ƙasa. Abin yana damuna, domin kuɗin talaka ne ke tafiya.

Ƙanena da ya tambayi ko takunkumin hunturu ya isa wajen feshi: bai isa ba. Tururin hadina yana illa ga huhu. Nemi takunkumi mai matata irin na masu fenti, ka buɗe gareji iska ta ratsa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta kafin ka ɗauki bindigar feshi.