Bakassi: kafafen waje sun yi adalci ko labarin mai kawai suka bi?

Malam Bello: Ni dai ina nan kan bakana. Kafafen labarai na waje ba su taɓa ba da labarin Bakassi don mutanen Bakassi ba. Ku shiga shafukansu ku karanta tsofaffin rahotanni, kusan duk da "yanki mai arzikin man fetur" suke farawa. Masuntan da anka haifa can, Efik da maƙwabtansu, sai ka kai ƙasan labari kafin ka ji ɗuriyarsu.

Barista Nasiru: Malam, a yi musu adalci. Kamaru ta kai ƙarar Najeriya kotun duniya a 1994 kan mallakar Bakassi, yankin bakin teku da ke iyakar ƙasashen biyu, hukuncin da ya ba Kamaru yankin ya fito 10 ga Oktoban 2002, kuma kotu ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, ta haɗa da ta Marwa wadda Gowon da shugaban Kamaru Ahidjo suka sa wa hannu a 1975. Abin da kotu ta faɗa suka ɗauko. Don bai yi mana daɗi ba, ba zai zama ƙarya ba.

Malam Bello: Ban ce sun yi ƙarya ba, Barista. Zaɓen abin faɗi nake magana.

Alhaji Umaru: Ku yara ne. A 1981, zamanin Shagari, anka kashe sojojinmu biyar a wanga yanki. Nan Sakkwato duk majalisar da ka je maganar ke nan, kowa ya kafa kunne ga rediyo yana jiran ko za a gwabza. Shagari ya danne zuciya, Kamaru ta ba da haƙuri. A wancan lokaci labarin yaƙi kafafen waje ke jira. Da anka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa Bakassi a Greentree ta Amurka a 2006, Obasanjo da Biya na Kamaru gaban Kofi Annan na Majalisar Ɗinkin Duniya, sai murya ta sauya, Bakassi ta zama abin koyi ga Afirka. Anka miƙa ta ga Kamaru 14 ga Agustan 2008, daga nan sai tsit.

Barista Nasiru: To Baba, ai zaman lafiyar ma labari ne. Ƙasashe biyu sun rabu ba tare da yaƙi ba, me zai hana a yaba?

Alhaji Umaru: A yaba, ban hana ba. Amma waɗanda sunka bar jiragensu da komarsu sunka koma zaman sansani a Kuros Riba fa? Mutum ya tashi yana cin gumin kansa a ruwa, ya wayi gari yana jiran tallafi. Wanga abu yana ci mini rai har yau.

Malama Zainab: Baba, akwai inda ya fi wannan shiru. Hukuncin ya shafi iyaka tun daga Tafkin Chadi har teku. A Disambar 2003 Najeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30 a yankin Darak da ke Tafkin Chadi, inda Hausawa masunta ke da yawa. Ɗalibaina sun san sunan Bakassi, amma in na ce Darak sai su tsaya kallona.

Malam Bello: Kin gama magana, Malama. Can ba a kira sunan mai ba, shi ya sa.

Barista Nasiru: A nan ban yarda ba. Jaridunmu na Legas da Kaduna nawa suka bi sawun mutanen Darak? Majalisar Dattawa ta yi ƙorafi kan miƙa Bakassi a 2007, sannan wa'adin neman sake duba hukunci ya cika a Oktoban 2012, gwamnatin Jonathan ba ta nema ba. Baƙo zai fi mu damuwa da abinmu?

Malama Zainab: Ba zai fi mu ba, Barista. Damuwata ita ce yaro ya buɗe waya yau ya nemi Bakassi, rahotanninsu zai fara gani, kuma na baya-bayan nan yawanci kan 'yan fashin teku ne da 'yan aware.

Barista Nasiru: To ku kawo mini rahoto ɗaya da suka murɗe hukuncin, sai mu ɗora daga nan.