Jama'a a taimaka, me za mu kira cognitive psychology da Hausa?

Maman Iman: Salam 'yan uwa. Gobe ƙarfe 9 na safe za mu ɗauki shirin ilimi a rediyo, baƙon nawa malamin jami'a ne kuma fanninsa ke nan, wato nazarin yadda mutum ke tunani da tunawa da lura a cikin kansa. Na rubuta "ilimin halayyar ɗan Adam" kamar yadda aka saba sai ya ce min sam ba shi ba ne. To me zan ce? Ba zan yi ta jefa Turanci ba har mutanen karkara su murɗa tasha.

Ɗan Samaru: Gaskiya ya faɗa miki Hajiya. Ai halayyar ce aka yi rigima a kanta. A 1913 John Watson a Amurka ya ce a daina zancen abin da ke cikin kai tunda ba a ganinsa, a auna abin da mutum ko ɓera ya aikata kawai, Skinner ya zo ya ɗora da gwaje-gwajensa a kan tantabaru. Su kuwa mutanen baƙon naki tawaye suka yi wa wannan ra'ayin, Chomsky ya yi wa littafin Skinner kan harshe kaca-kaca a 1959, Ulric Neisser ya fitar da littafi mai sunan fannin a 1967. In kika ce halayya kin laƙaba musu sunan abokan hamayyarsu ke nan.

Ummi KD: Ilimin ƙwaƙwalwa mana, mene ne abin wahala

Ɗan Samaru: A'a ƙanwata, wannan na masu duba ita ƙwaƙwalwar ne da jijiyoyi. Su waɗannan tun kafin a sami na'urar hoton ƙwaƙwalwa suke aiki, agogo ne makaminsu. Donders ɗan Holan a 1868 ya auna lokacin da mutum zai ɗauka ya mayar da martani in alama ɗaya ce, ya sake aunawa in sai ya zaɓa tsakanin biyu, ya ɗebe wannan daga wancan, ragowar shi ne lokacin yanke shawara. Ko gwajin Stroop na 1935, a rubuta kalmar JA da koren tawada a ce ki faɗi launin tawadar, za ki ji harshenki ya ɗan sarƙe. Wannan ɗan jinkirin suke aunawa.

Ummi KD: Na gwada yanzu da biro wlh na ce ja

Baba Mai Ritaya: Ilimin hankali.

Maman Iman: Baba ai ina faɗin haka za a fara bugo waya ana tambayar maganin taɓin hankali, wasu kuma su zaci tarbiyyar yara za mu koyar.

Ustaz Damagaram: Larabawa sun riga sun gama mana aikin, ilmun nafsil ma'arifi. A ce ilimin idraki a huta.

Bahaushe Tsantsa: Ga shi nan an fara. Kullum sai mun je aro kamar ba mu da harshe, yau Larabci gobe Turanci. Ni na daɗe da ƙirƙiro tawa: SANIN SANI. Yadda mutum yake sanin abin da ya sani. Ba aron ko harafi ɗaya.

Ummi KD: In an faɗa da sauri ya zama sansani, za a ce shirin 'yan gudun hijira ne

Bahaushe Tsantsa: Ki yi dariyarki. Haka ake yi wa duk mai kishin harshe.

Ustaz Damagaram: Malam, kishi dai a bar wa Allah, amma ilimi da hankali da fahimta duk daga Larabci suka shigo, har harafi da ka rubuta yanzu. Cire su mu ga da me za ka yi magana.

Bahaushe Tsantsa: Ku da kuke cakuɗa Hausa da Faransanci ne za ku koya mana?

Ustaz Damagaram: Mu dai ba mu cewa "ina coming".

Maman Iman: Don girman Allah ku bari, ƙarfe 11 na dare fa, ni kalma nake nema.

Ɗan Samaru: Kimiyyar tunani da fahimta. Bai rufe komai ba, lura da gani sun ɗan fita waje, amma tunani daga tuna yake, ya kamo ajiye abu a kai da dawo da shi. Sai ki bi shi da misali nan take. George Miller a 1956 ya ce abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda wajen 7 ne, a ƙara 2 ko a rage 2. Ki tambayi masu sauraro me ya sa lambar waya mai alƙaluma 11 muke karanta ta gutsure-gutsure, huɗu, uku, huɗu. Za su gane kafin baƙon ya buɗe baki.

Baba Mai Ritaya: Ya yi tsawo. Amma ya fi idraki, wanda ko ni sai na buɗe ƙamus.

Bahaushe Tsantsa: Kimiyya ma aro ce. Ni ban yarda ba, amma tunda gobe ne ki yi da shi, ki dai ambaci sanin sani ko sau ɗaya ne a ji yadda jama'a za su karɓe shi.

Maman Iman: Na tura wa baƙon, ya ce "ba laifi" amma shi zai riƙa faɗin na Turancin. Saura kalmar introspection, wato mutum ya lura da abin da ke gudana a ransa, ta Wundt ɗin can da ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus a 1879, na sa "duban ciki" furodusa ya ce asibiti ake yin wannan.