Zan kai 'yan ajina gidan zoo, ina neman shawara

Malamar aji biyar: Salam jama'a, don Allah inaso in kai ɗalibaina gidan zoo na Audu Bako saboda muna darasin dajin kurmi, yaran nan basu taɓa ganin dajin da ake ruwa kusan tsawon shekara ba, me zan fi nuna musu?

Ɗan Fagge: Malama ki fara da birai da aku, yawancinsu 'yan kurmi ne, zaki da jimina na fili ne kar yara su haɗa su. Ki gaya musu har yanzu akwai gorila a dazukan Kuros Riba wajen iyakar Kamaru amma saura kaɗan saboda farauta da sare itatuwa, abin tausayi wallahi.

Maman biyu: Ku sammako kafin rana tayi, a ɗauki ruwa, kuma a hanasu miƙawa birai biskit, suna cizo fa.